Ranar da birkin GTI ɗina ya nutse har ƙasa

Ranar da na shigo da motar nan unguwarmu a Fadaman Mada, maƙwabcina ya zagaya ta sau biyu, ya bubbuga bonet, ya ce, "Alhaji, kai ma lodin Gombe za ka fara?" Ban ga laifinsa ba. A Bauchi in aka ce Golf, tasha ce ke faɗo wa mutum a rai: biyu a gaba, huɗu a baya, buhun masara a but, ƙofar baya ɗaure da igiya. Tawa ma Golf ce, ta biyar a zuriyar, ƙirar 2007, 'yar Kwatano, mai giyar hannu shida. Abin da ya raba ta da na tasha haruffa uku ne a hancinta da wani jan zare da ya kewaye ragar gaba. Injin lita 2 ne mai turbo, ƙarfin doki 200 a takarda, a jikin motar da nauyinta bai wuce kilo 1,300 da 'yan kai ba.

Irin waɗannan guntayen motoci masu zafin nama sun daɗe. A 1976 Volkswagen ta fitar da GTI ta farko, doki 110 kacal, amma nauyinta kilo 810, shi ya sa ta ba manyan motoci kunya. Peugeot ta biyo da 205 GTI a 1984, daga baya aka samu su Civic Type R da Megane RS da Focus ST. Dabarar ɗaya ce: mota guda ta kai yara makaranta, ta je kasuwa, ranar Asabar kuma mai ita ya shiga da ita filin tsere ya more kuɗinsa. Ba gasa ake yi a irin wannan rana ba, babu kofi, babu na ɗaya. Kuɗin shiga kake biya, a sake ku rukuni-rukuni, kowa ya yi ta zagaye gwargwadon iyawarsa, ba ka wuce na gabanka sai ya ba ka hanya. A Jamus mutum kan sayi tikiti ya hau Nurburgring mai tsawon kilomita 20.8 da motar da yake zuwa aiki da ita. Mu a Bauchi ba mu da filin tsere, Gombe ma haka. Abin da na samu wasu abokai ne a Abuja da ke karɓar hayar wani killataccen fili mai kwalta a bayan gari, da izinin masu shi, su jera robobin nan masu tsini su fitar da hanya da kwanoninta, su rufe ƙofa. Ba ɗan acaɓa, ba akuya, ba yaro mai tallan gyaɗa.

Zuwana na farko a watan Maris ne, rana kamar ta dafa mutum. Shirin da na yi duka-duka wanka da juyen mai da cika tanki. A raina mota lafiyarta ƙalau, ai ta kawo ni daga Bauchi ta Jos da Akwanga ba ko tari. A filin akwai wata miƙaƙƙiyar hanya da nake kai 140 a ƙarshenta, sai kwana mai tsauri ta hagu da dole ka sauko wajen 60. Zagaye na farko da na biyu ina ta murmushi ni kaɗai. A na huɗu na ji birkin ya yi laushi, ƙafata na tafiya ƙasa fiye da yadda ta saba. Na ce ko tsoro ne. A na biyar na taka, feda ta tafi sulul har ta taɓa kafet, motar kuwa ko a jikinta. Salati na yi, na dinga bubbuga fedar da ƙafa har ta ɗan kama, na bi ta kan robobi biyar na miƙe cikin fili na tsaya can nesa. Allah ya sa ba komai a gabana. Da na fito gwiwoyina rawa suke, wilin gaba na hayaƙi yana warin ƙonannen gashi.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya tako a hankali, hannunsa a baya, ya leƙa wilin, ya buɗe bonet ya haska ɗan tankin man birki da fitilar waya.

"Ɗana, yaushe rabonka da canza man birki?"

Na ce, "Baba, ashe canza shi ake yi? Na ɗauka in ya ragu ne ake ƙarawa."

Bai yi dariya ba, shi ya fi yi mini ciwo.

Abin da na koya daga ranar ke nan. Birki ba ya halaka gudu, zafi yake mayar da shi. Kuma lissafin ba na adalci ba ne, don in gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ninkuwa huɗu yake yi. Na zauna da biro na lissafa: mota da direba kilo 1,400, daga 140 zuwa 60, zafin da ke fita a taka ɗaya ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita 2. A titi sau nawa kake irin wannan takun a wata? A fili kuwa duk minti ɗaya da 'yan kai sai ka maimaita, kuma mafi yawan nauyin a kan ƙafafun gaba yake sauka. Shi kuma man birki yana da wani hali, yana shan damshin iska a hankali ko da murfinsa a rufe yake. Sabon man birki nau'in DOT 4 ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya tsufa ya sha ruwa, ma'aunin saukowa yake yi zuwa 155. DOT 3 kuwa daga 205 ne zuwa 140. Da ya tafasa sai kumfa ya cika bututu, shi kuma kumfa matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Fedata ke nan da ta tafi ƙasa. Kamfanin da ya ƙera motar cewa ya yi a canza man duk shekara 2. Nawa kuwa ina kyautata zaton tun a Turai aka zuba shi.

Akwai wani nau'in mutuwar birkin daban, gara mutum ya san bambancinsu. In feda na nan da tauri amma mota ta ƙi tsayawa, takalman birkin ne zafi ya fi ƙarfinsu. In feda ta yi laushi ta nutse, mai ne ya tafasa. Ni ranar nan duka biyun na haɗa.

Da na dawo gida, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, na kai ta wurin bakanikena. Garejinsa ƙarƙashin wata darbejiya ne a kan hanyar Jos, tun zamanin Golf 2 yake taɓa waɗannan motoci, kuma ya girme ni nesa, Baba nake ce masa. Na zo da gwangwani biyu na man birki Motul RBF 600 da na sa aka aiko mini daga Legas, wanda sabonsa sai ya wuce digiri 300 kafin ya tafasa. Ya juya gwangwanin ya duba, ya tambayi kuɗinsa, na faɗa. Ya ajiye shi a hankali kamar wanda aka ba ajiyar zinare.

"Alhaji, mai ai mai ne. Ga DOT 3 can a kan benci, jiya na buɗe shi."

Na ce, "Baba, wanda aka buɗe jiya ai ya fara shan iska. Ka yi haƙuri a zuba wannan, kuma tsohon ya fita tas."

Ya ce kuɗina ne. Aka ɗaga mota, aka cire tayoyi huɗu, ya sa yaronsa a kujerar direba, shi kuma ya tsuguna da ƙaramar sifana da siririn tiyo da ya zura cikin gorar ruwa. "Taka! Taka! Riƙe!" Ya murɗa, mai ya tsarto. "Saki!" Abin da ya fara fitowa baƙi ne kamar shayin da ya kwana a buta, da 'yan ƙwayoyin kumfa suna bin juna a cikin tiyon. Ni aikina tsayawa a kan tankin ina ƙarawa kada ya ƙafe iska ta shiga. Taka, riƙe, saki, har yaron ya fara kukan cinyarsa ta ƙage. A ƙafa ta uku Baba ya ɗaga gorar ya kalle ta a hasken rana ya yi shiru, can ya ce, "Kai, wannan kam ya mutu." Sai da man ya fito garau kamar tataccen man gyaɗa a kowace ƙafa muka bari. Mai giyar hannu ya tuna cewa kulocin motar nan daga tanki ɗaya yake sha da birki, shi ma a zubar da nasa. Kuma kada sunan ya ruɗi mutum ya sayo DOT 5, wannan na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. DOT 5.1 shi ne ɗan'uwansu.

Takalman birkin da muka cire sun yi santsi suna ƙyalli kamar an shafa musu gilashi, gefensu na marmashewa a hannu. Wata huɗu kacal da na saye su a wani shago, kwali mai kyau, suna babba a jiki. Ban koma na yi rigima ba, na dai daina sayen abin da rai ya rataya a kansa don araha. Na nemo masu jure zafi waɗanda aka yi don titi da fili duka. Na zallar tsere ban so su ba, don sai sun ɗau zafi suke kamawa, ni kuwa da sanyin safiyar hunturu nake fita da yara. Faifan gaba milimita 312 ne faɗinsa, sabo kaurinsa 25, in ya sauko 22 ya gama aiki, kuma a rubuce yake a jikinsa. Nawa ya kusa, ga 'yan tsage-tsage kamar gashi, na canza da irin nasa na asali. Faifai masu hujin nan da samari ke so don kwalliya, daga bakin hujin suke fara tsagewa in sun sha wuta. Sabon takalmi kuma sai an gabatar da shi ga faifai. Bayan asuba na hau hanyar Ningi inda ba kowa a bayana, daga 80 in sauko 20 da ƙarfi ba tare da na tsaya cak ba, sau goma a jere, sannan na yi tafiyar minti goma ban taɓa birki ba har ya huce.

Sai tayoyi, inda na fi jin kunya. Dattijon Abuja ne ya ce in karanta abin da ke rubuce a jikinsu. Taya huɗu, kamfani uku. Ɗaya har da hoton dutse da ƙanƙara a gefenta, wato an yi ta ne don hunturun Turai, robarta mai laushi ce da ke son sanyi, ni kuwa na kai ta kan kwaltar Maris. Lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT su ne ranar haihuwar taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ta bayan dama 2314 na gani, mako na 23 a 2014. Zanenta na nan ɓaro-ɓaro, shi ya ruɗe ni a wurin masu Beljiyam, amma robar ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Na rufe ido na sayi sababbi huɗu iri ɗaya, 225/45 R17, girman da motar ta zo da shi. A duk abin da na kashe wa motar nan, babu wanda na ji a hannuna kamar wannan. Sitiyari ya zama kamar yana jin magana.

Mai facin layinmu mutumin kirki ne, amma da yatsa yake awon iska. Ya ɗura, ya ƙwanƙwasa da ƙarfe, ya ce ta yi. Ranar da na sayi geji nawa na auna bayansa, 48 na gani a ɗaya, 41 a wata. Awon da ya dace a manne yake a cikin murfin tankin mai, shekara nawa ina buɗe shi ban taɓa karantawa ba. A fili abin ya fi haka wuya, don iska na kumbura in taya ta yi zafi. Na taɓa shiga da 33 na fito da 40 a tayar gaba. Da ta kai haka sai ta rage taka ƙasa, mota ta fara zamiya. Don haka kana fitowa ka auna tun da zafinta, ka sassauta ta dawo inda kake so, da yamma in ta huce kuma ka mayar da iskar kafin ka hau hanya. Ina da ɗan littafi a aljihun ƙofa da nake rubuta waɗannan lambobi. Notin wili kuma awonsa 120 ne a ma'aunin Nm. Yaran gareji kan sa dogon bututu su hau kai da ƙafa suna tsalle, wai don kada ya kwance. Na sayi sifanar da ke yin ƙat in ta kai awo, da kaina nake ɗaurewa, in kuma sake dubawa da safe kafin a fara.

Rigimarmu ta gaske da Baba a kan tamostat aka yi ta, ɗan bawul ɗin nan da ke daidaita zafin ruwan inji. Da muka buɗe sai muka tarar wani ya riga ya ƙwaƙule cikinsa tun kafin motar ta zo hannuna, a lagireto kuma ruwan rijiya ne ja wur da tsatsa. Baba ya ce wanda ya yi hakan ya san aikinsa. "Alhaji, wannan abin na ƙasar ƙanƙara ne. Nan Bauchi ce. A cire shi, a haɗa fanka kai tsaye, mota ta sha iska." Kusan duk bakaniken da na sani haka ya yarda, kuma na gane dalilinsu, sun sha ganin tamostat ya maƙale ya ƙona gasket. Amma injin an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In ya daɗe yana sanyi, kwamfutar motar ƙara masa mai take yi, ya yi ta sha yana wanke baƙin man da ke jikin silinda. Maganin tamostat da ke maƙalewa sabon tamostat ne. Muka yi ta ja har la'asar, daga ƙarshe ya ɗaura sabon yana ƙunƙuni, muka wanke hanyoyin ruwa, muka zuba ruwan sanyaya inji G12 ɗin nan mai ruwan hoda gauraye da tataccen ruwa. Har yau in na shigo garejin sai ya leƙa allurar zafi ta taga, yana jiran ranar da zai ce ai ya faɗa.

Ita ma allurar ba abar yarda ba ce sosai. A motar nan an saita ta ta zauna daram a kan 90 ko da zafin na hawa da sauka a kusa da wurin, don kada direba ya tsorata. In ta motsa, to abu ya riga ya yi nisa. Na sayi 'yar na'urar da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta turo ainihin lambar zuwa waya. Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne hancin motar. Raga uku ne a jere, ta AC a gaba, mai sanyaya iskar turbo a tsakiya, lagireto a baya. Abin da muka fitar daga tsakaninsu ya kusa cika kwano: ƙurar hunturu da ta daskare, fara, fuka-fukan tsuntsu, guntun leda. Da ruwa marar ƙarfi aka wanke, don injin wankin mota lanƙwasa siraran haƙoransu yake yi.

Sauran na cikin inji ban tsaya ciniki a kansu ba. Taimin bel ne da wannan injin, in ya tsinke fistin da bawul karo suke yi, ba wanda ya san yaushe aka canza shi, don haka ya tafi tare da famfon ruwa. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe kamar hular yatsan tela da ke tsakanin kamshaf da famfon mai mai matsi, sananniyar lalurar wannan inji ce, yana cinyewa har ya huje ya ɓata kamshaf ɗin. Nawa baƙin fentin samansa ya goge, saura kaɗan. Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Baƙin mai 5W-40 mai lambar VW 502 00, a cika shi daidai layin sama kada a wuce, don a doguwar kwana mai kan taru gefe guda. Injin nan da ma yana ɗan lasar mai, saboda haka lita ɗaya ba ta rabuwa da but ɗina.

Abin da samari suka fi tambayata shi ne ko na taɓa ƙwaƙwalwar motar. Akwai masu yi da kwamfuta, su ce za su ƙara maka dawakai 40 ko 50 cikin awa ɗaya. Ban yi ba, ba kuma zan yi yanzu ba. Murfin tankin ya rubuta tana son fetur mai lamba 98, ko 95 in babu, mu kuwa a gidan mai famfo ɗaya ne, abin da aka ba ka shi za ka sha. Ƙara matsin turbo a kan wannan man, cikin zafin digiri 40 na Afrilu, neman magana ne. Ban da haka, dawakai 200 ɗin da ke akwai su ne suka kai ni cikin robobi. Sauke ta ƙasa ma na ƙi. Daga gidana zuwa Wunti tudun rage gudu nawa ne, kowane layi da irin nasa ginin? Na dai canza shokozoba da bushin da suka gaji, aka yi alaimen mai kyau. Salansa tana nan yadda take. Motar da za ta shiga fili ita ce za ta dawo da ni kilomita 400 da wani abu, ta kuma tashi ranar Litinin. Uwargida ma sharaɗinta ke nan tun farko, ta ce in yi duk haukan da zan yi, amma kujerar baya da AC ba a taɓa su.

Hajiya kuwa ba ta karɓi zancen ba sam. Ƙanwata ce ta nuna mata bidiyo a waya. Da na je gaishe ta ranar Juma'a ko amsa gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"Wato kuɗi ka biya, ka tafi har Abuja, don ka yi ganganci?"

Na ce, "Hajiya, ai don kada in yi a titi ne. Wurin a rufe yake, da hular kwano, kowa hanya ɗaya yake bi."

Ta ce, "Masu yi a biki ma haka suke cewa sun iya."

Nan ta taɓa mini inda ke ciwo, don ba abin da na tsana irin a haɗa ni da yaran nan masu juya mota a tsakiyar titi ranar ɗaurin aure, mutane sun kewaye su, tayoyi sun suɗe, wani ma a zaune a kan taga. Wanda ke yin wannan da ran wasu yake caca, kuma ko rabin abin da motarsa ke yi bai sani ba. Amma ban ja da ita ba. Ta ce Allah ya shirya, in kuma riƙa addu'ar hawa abin hawa. Na ce in sha Allahu. Inshora ma tana bayan Hajiya a wannan magana, don takardar da muke yanka ta titi ce, abin da ya same ka a fili daga aljihunka zai fita.

Na koma a Disamba. Wannan karon mako biyu kafin tafiya na gama komai, ba a fafe gora ranar tafiya. A gangaren Hawan Kibo na bi bayan wata tirela da ƙafafunta ke hayaƙi, warin ya shigo ta taga, na gane shi nan take, na ja baya na ba ta fili mai yawa.

Da safe a wurin na zazzage motar kaf. Buta, darduma, takalmin auta ɗaya da muka yi wata muna nema, gorunan ruwa, cajar waya, har tabarmar ƙarƙashin ƙafata, don tana iya zamewa ta shige bayan feda. Na duba batir a ɗaure yake, tukunyar kashe gobara ma na ɗaure ta, ba a bar ta tana yawo ba. Ƙugiyar ja da ke cikin kayan safaya ana ɗaura ta a bamba tun kafin a fara. Wani yaro da ke taya ni ya yi ta murɗa ta dama tana ƙi, har ya ce ta lalace, ashe haƙorinta na hagu ne. Hular kwano na sayi mai tambarin ECE na ingancin Turai, ba irin ta leda da ake sawa don tsoron kamu ba. Kujera na matso da ita gaba fiye da yadda na saba, yadda wuyan hannuna zai hau saman sitiyari kafaɗata na jingine. Maɓallin ESP, na'urar da ke hana mota zamewa, ban taɓa shi ba, na bar na'urar tana gadina, duk da na san da birki take aiki, tana ƙara masa zafi.

Zagaye biyar nake yi, na shida in tafi a hankali ba birki don iska ta ratsa. In na tsaya ba na jan birkin hannu, don takalmi kan manne da faifai mai zafi ya bar masa tabo. Giya nake sawa in tokare taya da dutse, in buɗe bonet. Feda kuwa tun safe har yamma tana nan inda na bar ta, tauri ɗaya. Zafin ruwa a waya bai wuce inda ya kamata ba.

Abin da ya rage ni ne. Motar da ke ja da ƙafafun gaba, in ka shiga kwana da gudu fiye da kima, hancinta miƙewa yake yi, kana murɗa sitiyari tana tafiya waje tayoyi na ihu. Ni kuwa da na ji haka sai in ƙara murɗawa. Dattijon ya sa hula ya zauna a gefena zagaye uku. Bai ce komai ba sai a kwanar nan ta hagu. "Gaggawar shiga ce ke cinye maka fita. Gama birkinka tun tana miƙe. Kalli inda za ka, daina kallon robar." Daga nan ya ce in ba shi. Mutumin da a haife ya haife ni, a motata, da tayoyina, da man da ke tankina, hannunsa ko rawa ba ya yi, motar ko ƙara ba ta yi, ya fi ni da daƙiƙa 4 a zagaye. Ya fito ya miƙo mini makulli ya ce motar ba ta da laifi.

Lahadi da dare na iso Bauchi. Litinin da safe na mayar da buta da darduma da tabarmi, na ɗauki yara. A ƙofar makaranta na taka birki ya yi wata 'yar ƙara siririya, halin sababbin takalman ke nan in suna sanyi, maigadi har ya waiwayo. Babbar ta ce, "Abba, motar nan kuka take yi." Wilin gaba sun yi baƙi ƙirin da ƙurar birki. Da na tsuguna na shafa tayar gaba ta dama, wadda ta sha nauyin kwanonin hagu, kafaɗarta ta waje ta cinye fiye da sauran, ta yi kaushi kamar dutsen goge kaushi. Dattijon ya ce rabi laifin hannuna ne, rabi kuma tayar na son a ɗan kwantar da samanta ciki, abin da ba a iya saitawa a gaban motar nan sai an sayo wasu ƙarafa daban. Ban yanke shawara a kan wannan ba tukuna, don kwantar da ita da yawa zai riƙa cin gefen ciki a doguwar tafiya. Na kira Baba na ce zan kawo ta a juya tayoyin, na gaba su koma baya, a kuma ɗan zubar da man birkin da ke kusa da ƙafafun gaba. Ya ce in zo Asabar bayan azahar, kuma in taho da sifanata mai ƙat, akwai wata Golf 4 da yake so ya gwada ta a kai.